Injin Da Ba Ya Shan Ruwa

"...lafiya lau, Maigida. Ya ƙarfin jiki? Ko da yake jikin ma ban gan shi ba, balle ƙarfin."

"Ƙarfi sai godiya, Amarya. Jiya da hannu ɗaya na ɗaga motar can na share ƙarƙashinta. Ke ce dai na ji muryarki duk ta shaƙe, hayaƙin walda ya gama da ke. Yanzu in na sake ki wa zai kwasa?"

"Sake ni yau ka ga layi har bakin titi."

"Layin masu kawo gyaran ƙofa ba."

Ni ina bakin famfo ina wanke kofuna, ina jinsu. Tsohon nan mahaifina ne, direba ne tun ban san kaina ba, har yau kuma Direba unguwa take kiransa. Wadda ta durƙusa gabansa jikarsa ce, 'yar babban yayana, malamar walda a makarantar koyon sana'a. Tartsatsi muke ce mata, don ba ta da rigar da wuta ba ta huda ba. Ni ce autar gidan, ni nake zaune da Baba tun rasuwar mahaifiyarmu. Tun yarinyar nan tana rarrafe yake kiranta amaryarsa, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba.

To, jirgin sama take ƙerawa. Ku yi dariyarku, mu mun daɗe da gama tamu. Na je da ƙafata na gani a bayan makarantarsu: ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, fukafukan katako an lulluɓe da yadi an shafe da farin fenti, tayoyi kamar na baro. Komai ya haɗu sai hancin ne a buɗe, babu inji.

A garejin gidanmu kuwa akwai motar Baba, 'yar ƙarama mai doron baya, irin wadda injinta yake a baya. Kullum da hantsi sai ya yaye tamfol ya shiga, ya tada ta, ya taka mai har tagogin gida su ɗauki rawa, ya danna ham, sannan ya kashe. Duk wanda ya tambaye shi, gobe zai fita da ita. Abin da unguwa ba ta sani ba ni na sani: idon Baba ya tafi. Haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya haddace gidan da ƙafa da tafin hannu, ya sayi baƙin tabarau wai gayu yake yi, ya kuma rantsar da ni kada in gaya wa kowa, har yayyena. Ƙarar motar nan ita ce abin da ya rage masa da yake nuna wa mutane cewa har yanzu shi direba ne.

"Ga lemo na kawo maka," in ji Tartsatsi. "Na zaɓo masu laushi, saboda na san haƙoran sun yi ritaya."

"Auta, zo ki ji ikon Allah," ya ce da ni. "Matar da sai an yi mata aike a kan aike kafin ta leƙo ta ga ko ina numfashi, yanzu ita ce kullum a gidan nan, yau lemo gobe ayaba. Ko kin ji an ce na kusa ne kike share hanyar gado?"

"Gadon me? Tabarau da tsohuwar hula?"

"Akwai bargo."

"Bargon da ya girmi babana. Ka riƙe abinka, a lulluɓe ka da shi."

"Ja'ira. Ya kejin kajin naki? Har yanzu ba zuciya?"

"Jirgi sunansa, Tsoho. Zuciyar ce ake nema."

"Me kike nema ga injin markaɗe can a bakin kasuwa? Ki ɗaura masa. Kina tafiya a sama kina yi wa mutane niƙa, riba biyu."

"Kai zan fara niƙawa."

"Ko keken ɗinkin Auta. Ki dinga takawa da ƙafa, in kin gaji ki faɗo."

"Kar ku sa kekena a shirmenku," na ce.

Tartsatsi ta gyara zama a kan tabarma. Na lura tun shigowarta idonta bai bar ƙofar gareji ba, sai ta kalla ta ɗauke kai kamar wadda aka kama.

"Ai ba kowane inji ba ne," ta ce. "Na duba na janareta, nauyinsa ya fi ƙarfinsa, ko kansa ba zai ɗaga ba. Na duba na motocin yanzu, shi kuma sai da lagireto da ruwa da tiyo. Kafin ka gama jera masa kayansa hancin jirgin ya yi nauyi, sai ya dinga sunkuyawa kamar mai neman allura a ƙasa."

"Kamar ke in an tambaye ki yaushe za ki iya girki."

"Ka ci ka ƙoshi ka zage ni, na saba. Sai na babban babur, wani ɗalibina ya kawo. Shi ba nauyi, amma sai ya yi ta ihu kamar zai fashe kafin ya ba da ƙarfi, ga saurin zafi. Irin wannan in ya yi fushi a titi sai ka faka a gefe. A sama ina gefen?"

"Babu gefe," in ji Baba. "To wane iri kike so, sarauniyar tsirfa?"

Ta shiga wasa da bakin tabarma.

"Mara nauyi dai. Wanda iska take sanyaya shi, ba ya shan ruwa. Mai silinda a kwance, biyu nan biyu can. Mai juyawa a natse, yadda za a ɗaura masa farfela kai tsaye ba sai an yi masa dabara ba."

"Allahu akbar. Ashe akwai irin wannan a duniya? A ina ake samunsa?"

"Oho. Sai an bincika."

"Da tef ake binciken?"

Sai ya sa hannu a aljihun riga ya zaro tef ɗin awo, irin mai naɗe kansa, ya ja shi ya saki ya koma ciki da ƙara. Wallahi da kun ga fuskar yarinyar nan. Ta yi tsuru-tsuru, ta buɗe baki ta rufe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Na Goggo ne," ta ce.

"Ke! Kar ki jawo ni," na ce. "Nawa na yadi ne, yana rataye a wuyan keke."

"Warin walda yake yi," in ji Baba, yana shinshinawa. "A kan injina na tsince shi, ƙarƙashin murfi. An kuma goge min maiƙon da na yi shekaru ina tarawa, an bar min gefe ɗaya fes. Shekaranjiya da aka ce min za a shiga bayi, ashe bayin ya koma gareji."

"Tsawonka na zo aunawa in sa a ɗinka maka riga. Na tarar kana barci baki buɗe, na ji tausayinka, na ce bari in gwada tef ɗin a kan wani abu mai amfani."

"Ƙarya kike yi. Saurayi kika yi a cikin gidana! Ni ina nan ina cin lemo ina cewa matata ta shiryu, ashe lemon kuɗin shiga ne. Ba ni ake zuwa gani ba."

"To ai ya fi ka kyan gani. Ya fi ka ƙarfi, ba ya tari, kuma in an kashe shi yana yin shiru."

"Ki aure shi mana."

"Ai shi na zo nema, waliyyin ne ya cika taurin kai."

Ta faɗe shi kamar da wasa. Kunya ce ta cika ta, na san ta. Yarinyar da take tsayawa gaban ƙartin maza tana yi musu tsawa a kan ƙarfe, ga ta nan ta kasa ɗaga ido ta roƙi kakanta abu. Ni ma kunyar ta kama ni, don na san abin da take roƙo ya fi abin da take tsammani.

"In na ba ki, da me zan fita gobe?" in ji Baba.

"Gobe, gobe. Goben nan taka ta kusa yin jika. Ƙofar gidan nan ma har yanzu jinyar fitarka ta ƙarshe take yi, dubi yadda ta lotse."

"Ƙofar ce ta matso."

"Da ƙafarta?"

"Da ƙafarta. Auta shaida ce."

Ranar da ya daki ƙofar nan ita ce ranar da ya kira ni ɗaki ya gaya min idonsa ya tafi. Na sunkuyar da kai cikin roba na ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita.

"Kuma ma," ya ci gaba, "injin da ya kai kakarki asibiti ta haifi ubanki, shi zan ɗauka in sa a kejin kaji? Ya yi mutunci a ƙasa, ki kai shi sama ki kunyata shi gaban tsuntsaye?"

"Ka daina ce masa keji! Ka taɓa ganinsa? Ungo, kalli nan, in kana da idon ganin abu mai kyau."

Kafin in yi wani motsi ta zaro waya ta nemo hoton, ta danƙa masa a hannu. Na taso da sauri da kumfa a hannuna, ban ma san me zan yi ba. Ina tsaye a bayan kujerarsa na ga babban yatsansa ya danne maɓallin gefe wajen karɓa. Fuskar wayar ta mutu, ta koma baƙa ƙirin. Shi kuwa ya ɗaga ta daidai hancinsa, ya karkata kai, ya taɓe baki.

"Tabɗi! Wannan ne jirgin? Ai wannan fiffiken ya fi wancan tsawo. Tayoyin kuma kamar an sato na keken yara. Wa ya ba ki shawarar wannan jan fentin? Sai ka ce motar kashe gobara."

Tartsatsi ta taso tana dariya, ta zagayo don ta nuna masa da yatsa.

"Wane irin ja kuma, Tsoho, ai fa..."

Maganar ta tsaya. Ta kalli baƙar fuskar wayar. Ta kalli tabarau. Ta kalli lemon da ta ajiye a gabansa tun ɗazu, wanda bai taɓa ba, alhali Baba ba ya ganin lemo ya ƙyale. Sannan ta ɗago ta kalle ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta riga ta gane.

Ta koma ta zauna a hankali.

"E," ta ce. "Fiffiken hagu ne. Zan gyara."

"Jan fentin fa?"

"Shi ma zan canza."

Baba ya sauke wayar a kan cinyarsa.

"Ni fa, Tsoho," ta ce, ta ƙaƙalo wata dariya da ba ta kai ciki ba, "wasa nake yi maka. Me zan yi da wannan gwangwanin? Na auna shi, bai yi min ba. Ya tsufa, yana yoyon baƙin mai, ƙararsa kamar ana jan kujera."

"Wa? Injina?"

"Naka. Ko kyauta aka ba ni sai an haɗa min da ban haƙuri. Ka riƙe abinka, ka fita gobenka."

"Ke, ki iya bakinki! Injin nan bai taɓa kwana a hanya ba. Bugu ɗaya yake tashi. Ubanki ma sai an yi masa bugu uku kafin ya tashi makaranta."

"Shekarunsa sun ja."

"Shekarunsa sun ja, amma bai taɓa neman ruwa wurin kowa ba. Kin taɓa jin ya tafasa? Ki kawo min injin da ya kai shi natsuwa a duk garin nan in ba ki hulata."

"Ba na son hularka, ba na son injinka. Na riga na zaɓa."

"Wanne?"

"Na babur."

"Mai ihun?"

"Zan yi masa dabara. Zan sa masa bel, in buɗe masa hanyar iska. Zai yi."

"In ya yi fushi fa?"

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma.

"Ina tambayarki, Amarya. In ya yi fushi a sama, ina gefen? Da bakinki kika faɗa, ban ara miki ba."

"Zan lallaɓa shi."

"Za ki lallaɓa shi." Ya jinjina kai. "Tun da aka haife ki ba ki taɓa ce min e ba. Na ce miki rana ta fito, sai kin fita kin duba. Yau na ce fiffikenki ya karkace kin ce e. Na ce fentinki ja ne kin ce e." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina. "Auta. Wayar nan a kashe take ko?"

"A kashe take, Baba."

"Jirgin wane launi ne?"

"Fari ne."

Sai ya sa hannu ya cire tabarau, abin da bai taɓa yi a gaban kowa ba sai ni, ya naɗe shi ya ajiye a kan wayar. Ban taɓa ganin mahaifina ya ƙanƙance haka a cikin kujerarsa ba, raina kuma ya ɓaci, ban san da wa ba.

"To," ya ce. "Na zauna na zagi baƙin gilashi har da launinsa. Wannan ko a cikin tsofaffi abin a ba da labari ne."

Tartsatsi ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suka fara rawa.

"Ka yafe min, Kaka. Wallahi ban sani ba. Da na sani ko ƙofar garejin ba zan kalla ba. Ina ta zuwa ina auna ƙarfe, ban ko kalli fuskarka ba."

"Kaka kuma? Yau ni ne Kaka? Auta, kin ji, daga ido ya tafi har an sake ni. Share hawayen nan, ban mutu ba, bargon ma ba yau za ki gada ba."

"Ba zan ɗauka ba. Shi kake tayarwa kullum."

"Shi nake tayarwa, e. In shiga in zauna in riƙe sitiyari, in yi ta taka mai mota tana tsaye, in danna ham kamar yaron da aka bari a mota. Kina tsammani ba na jin kunya? Kullum sai na ji. Kunyar unguwa ce ta fi min ita, shi ya sa nake yi. Amma ki hau sama da injin babur don ki rufa min asiri, wani abu ya same ki, wannan kunyar ina zan kai ta? Wa zan gaya wa? In ce na riƙe inji ina yi wa maƙwabta ƙara da shi?"

Ni dai na goge hannuna a zani har ya bushe ina ci gaba da gogewa.

"Ki kwance shi," ya ce, muryarsa ta dawo ta direba. "Amma da sharaɗi. Ki warware shi har ƙusar ƙarshe, duk abin da ya gaji ki canza, kar ki ce na Tsoho ne ba ya laifi. Ki ɗaure jirgin a gindin bishiya ki bar injin ya yi ta aiki a ƙasa har ke ki gaji. Masu duba jirage su duba, in sun ce a'a, a'a ce."

"To."

"Kin ga, wani to ɗin. Auta, yarinyar nan ba ta da lafiya."

"To ba don kai ba," ta ce, tana jan hanci. "Dama haka zan yi. Kai da ko fulogi sai ka yi kwana biyu kana nema."

"Yauwa, ta farfaɗo. Sai na biyu: ham ɗina da batir ki bar min su. Ba zan zauna a gidan nan ba abin da zan dami Auta da shi."

"Allah ya isa," na ce, suka yi dariya su biyun, irin dariyar da take fitowa ta hanci bayan kuka.

"Na ƙarshe." Ya laluba aljihu ya fito da makullin motar, da tsohuwar igiyar fatar da mahaifiyarmu ta ɗaura masa. "Ranar da za ki tashi, ki biyo ta saman gidan nan. Auta za ta fito da ni tsakar gida. Fari ne ko ja ne, ni ba ruwana, ba zan gani ba. Amma muryarsa, ko cikin jirage ɗari ne zan gane ta. In ce wa unguwa, kun ji, ga motata can ta fita."

Ya miƙa makullin. Sai dai da ta zagaya ɗazu ba ta koma inda take da farko ba, shi kuma can ya miƙa hannun, wajen da babu kowa sai bokiti. Hannun ya tsaya a iska yana jira. Na buɗe baki zan yi magana, Tartsatsi ta ɗaga min yatsa. Ta ja gwiwa a hankali a kan tabarma, ta matsa, ta matsa, har ta zo daidai inda hannun yake, ta tara tafukanta biyu a ƙarƙashi. Ya saki makullin ya faɗa ciki.

"Na gode, Maigida."

"Na ji jan gwiwarki, munafuka," ya ce, ya fashe da dariya har da tari. "Ko a nan ma sai da kika yi min wayo. Shi ke nan, kin ci. Jeki wurin saurayin naki. Amma kafin ki tafi ɓare min lemon nan, tun ɗazu nake jin ƙamshinsa na rasa ta inda yake."

Ta jawo ledar ta fara ɓarewa, hawaye yana ɗiga a kan ɓawon, tana gaya masa wai ko lemo bai iya ɓarewa ba ya ce zai riƙe mace kamarta. Ni kuwa na koma bakin famfo na sake wanke kofunan da na riga na wanke.